Lamba Sha Bakwai

A sashen ginin yumɓu na jami'ar nan, ɗalibai na kiran malamarsu Dokta in suna gabanta, da ta ba da baya kuwa sai ta koma Malama Sikeli. Sun raɗa mata sunan ne don komai sai ta auna, yumɓu da ruwa da toka, har gaisuwa ba ta ba mutum wadda ta wuce awo. Ta san da sunan, kuma a ranta ba ta ƙi shi ba. Ita ce jami'ar jarrabawa ta sashen, ita ce kuma ta kawo dokar lamba shekara uku da suka wuce, dokar da ta sa har yau ba sa ga maciji da Farfesa, shugaban sashen.

Dokar ba ta da tsawo. Ɗalibin ajin ƙarshe ba ya rubuta sunansa a jikin aikinsa, lamba yake kartawa da ƙusa a bayan aikin tun yumɓun yana ɗanye. Malami baƙo ne ke zuwa daga wata jami'ar ya ba da maki, kuma duk wanda sunansa ya kai kunnen baƙon ko idonsa kafin a gama ba da makin, an soke aikinsa, sai ya maimaita shekara. Kafin dokar, Farfesa ne ke raka baƙo tebur-tebur yana gyaran murya a inda ya ga dama: wannan ɗan wana ne, wannan 'yar aminina ce, wannan ubansa mutumin kirki ne. Shekarar da dokar ta fara aiki, wadda ta fara faɗawa ciki ita ce ƙanwar matar Farfesa, da ta cusa 'yar takarda mai sunanta a cikin tulu. Malama Sikeli ta sa hannu a takardar sokewa ko gezau ba ta yi ba. Farfesa ya haɗiye, amma irin haɗiyar da ba ta wuce maƙogwaro.

Bana jami'a ta shirya baje kolin ayyukan ɗalibai ranar Alhamis, za a gayyato mutanen gari da masu kamfanoni. Baƙon mai ba da maki ya kamata ya zo Litinin, sai ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba sai safiyar Alhamis ɗin. Wato ayyukan za su hau tebur a gaban jama'a babu maki, babu suna, sai lamba.

A cikin ayyukan akwai lamba sha bakwai, tayil talatin da shida na jikin bango, masu wani koren ƙyalli mai zurfi da ba a taɓa fitar da irinsa daga tanderun sashen ba. Mai aikin shi ne wanda 'yan ajin ke kira Dattijo, don ya ba su shekara sha biyar ko fiye. Kafin ya shigo jami'a tayil yake manna wa mutane a gidaje, har gwiwoyinsa suka fara ƙara in ya durƙusa. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Ƙyallin nan da tokar itace da fasassun kwalabe ya haɗa shi, yana daka kwalaben a turmin ƙarfe har hannunsa ya yi kanta, ya gasa sau goma yana fitar da ƙazanta, a na goma sha ɗaya launin ya fito. Kowa a sashen ya san manajar wani kamfanin tayil za ta zo baje kolin ta ɗauki mutum biyu aiki daga cikin masu kammalawa, kowa kuma ya san wannan ne ya sa Dattijo ya rame.

Ranar Litinin jami'in yaɗa labaran jami'a ya shigo ɗakin aiki da kyamara a wuya. Yanzu-Yanzu ake ce masa, don bai taɓa cewa gobe ba, bai kuma taɓa gama abu yau ba. Ya zagaya teburan yana taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba, ya tsaya a kan koren tayil ɗin.

"Wannan shi zai sayar mana da baje kolin. A kira min mai shi."

"Ba a kiran mai shi," in ji Malama Sikeli. "Ba a ba da maki ba tukuna."

"To wa zai yi bayani? Tayil ba ya magana, Dokta."

Ita ta tsaya a gaban kyamara a madadinsa. Ta ɗauki tayil ɗaya ta juya shi a haske, ta yi bayanin toka da kwalba da zafin tanderu, ta faɗa sau biyu cewa aikin ɗalibi ne mai lamba sha bakwai. Ta yi maganar da kyau, don ta san aikin ciki da waje, kuma tana alfahari da shi. Yanzu-Yanzu ya naɗe wayarsa ya fita ko sallama babu.

Da safiyar Talata bidiyon ya fito a shafin jami'a, minti ɗaya da rabi. An yanke wajen lamba sha bakwai duka biyun. A ƙasan fuskarta an rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, sannan: malamar da ta mayar da fasassun kwalabe dukiya.

Gaskiyar magana, abin da ta fara ji ba fushi ba ne. Daɗi ta ji. Shekara goma sha tara tana koyarwa a ginin da ke can bayan ɗakin janareta, babu wanda ya taɓa sanin tana nan. Kafin azahar yayarta ta kira tana cewa, "Ashe haka kike, ƙanwata, kike ɓoye mana? Na tura wa dangi kaf." Da ta koma gida maigidan ya tare ta a bakin ƙofa yana cewa a ba mai dukiya hanya, 'yar autarta kuma ta nuna mata yawan mutanen da suka kalla. Ta ce musu ai ba nata ba ne, na ɗalibi ne, amma a hankali ta faɗa, tana cire takalmi. Ta ce a ranta gobe za ta je a gyara. Kafin ta ɗora girki ta kalli bidiyon sau uku.

Laraba da hantsi ta shiga ɗakin aiki ta tarar da Dattijo shi kaɗai yana jera tayil ɗinsa a kwali, yana sa tsohuwar jarida tsakanin kowanne. Bai tashi ba, bai gaishe ta ba. Wannan mutum ne da kullum yake karɓar mata jaka tun daga bakin ƙofa.

"Ka kula da gefunan," ta ce. "Kada su gogu."

"Na san kina tsoron kada kayanki su lalace, Malama."

Ta tsaya. "Me ka ce?"

"Matata ce ta nuna min. Ta ce, wai ba wannan ne abin da ka hana mu barci da dakan kwalabensa ba? Na ce shi ne. Ta ce to ya aka yi ya koma na mace? Ban san amsar da zan ba ta ba."

"Na faɗi lambarka sau biyu. Su suka yanke."

"Jiya da safe suka yanke. Yau Laraba."

"Kada ka yi min rashin kunya. Ka san doka. Da na faɗi sunanka a bidiyon nan baƙo ya gani, da yanzu shekara ta tafi maka."

"Na san doka. Ban ce ki faɗi nawa ba. Naki da aka rubuta fa, shi ma doka ce ta ce a bar shi ya kwana?" Ya rufe kwalin. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wajen gini na saba da haka, in manna tayil injiniya ya ɗauki hoto. Na ɗauka nan makaranta ce."

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta fita ta nufi ginin gudanarwa, hawa na biyu, ofishin da ke cike da tsofaffin allunan talla. Yanzu-Yanzu na zaune ya ɗora ƙafa a kan kwali yana cin gyaɗa.

"Ka canza rubutun nan yau," ta ce.

"In sa me?"

"Aikin ɗalibi mai lamba sha bakwai."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Dokta, talla nake yi, ba rajistar gidan yari ba. Wa zai bar aikinsa ya zo kallon lamba sha bakwai? Mutane fuska suke so da suna. Kin hana ni sunansa, na sa naki. Ina laifina?"

"Ƙarya ka rubuta."

"Ke kika riƙe tayil ɗin, ke kika yi bayani. Shugaban jami'a ya kalla ya yaba, ya ce a sa a babban allon bakin ƙofa. In kina so a sauke, ki hau sama ki gaya masa da kanki. Kuma da abin ya dame ki haka, ai jiya ma ofishin nan a buɗe yake."

Ba ta hau saman ba. Ta dawo sashe ta tarar da Farfesa a baranda, yana tsaye yana kallon ɗalibai na loda tebura a mota. Mutum ne mai taushin murya, kowa ɗansa ne, kuma bai taɓa mantuwa ba.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Gobe in baƙo ya iso, a bar shi ya fara ba da maki kafin a buɗe ƙofa. Awa biyu ta isa. Sai a sa wa kowa sunansa."

"Alfarma, Dokta?" Ya juyo yana murmushi. "Ban san kina da wannan kalmar ba. Ƙarfe goma shugaban jami'a zai yanka kirtani, baƙonmu kuma zai tsaya a gefensa. Maki sai bayan cin abinci. Ai babu damuwa, muna da doka mai kyau. Af, na ga bidiyonki. Barka da arziki."

Ta wuce. A ranta ta tsara abin da za ta yi: da manajar kamfanin ta shigo, za ta ja ta gefe ta raɗa mata sunan. Doka kunnen baƙo ta hana, ba ta hana kunnen manaja ba.

Ranar Alhamis babban ɗakin taro ya cika. An jera tebura layi huɗu da fararen ƙyallaye, kowane aiki da katin lambarsa. 'Yan sashen injiniya na can suna ta kunna wani inji mai ƙara, 'yan sashen ɗinki sun rataye riguna a igiya. Ɗaliban yumɓu an ce su tsaya jikin bango, kada kowa ya kusanci teburinsa, don kada baƙo ya gane mai aiki. Wannan ma umarnin Malama Sikeli ne. A bakin ƙofa babban allo na maimaita bidiyonta, yana ƙarewa yana sake farawa, har ta ji ta tsani muryarta. Mutane na ta zuwa suna yi mata barka, tana cewa na ɗalibi ne, suna cewa kai, Dokta akwai tawali'u.

Ta hango Dattijo a ƙarshen layi cikin riga mai guga. Kusa da shi matarsa ce da 'yan matan nan biyu, ƙaramar na ta nuna koren tayil da yatsa, uwar na sauke mata hannu.

Wajen sha ɗaya da rabi manajar ta shigo, doguwar mace mai saurin tafiya, da tabarau a goshi. Amma ba ita kaɗai ba. Tana tafe kafaɗa da kafaɗa da baƙon mai ba da maki, suna dariya, ashe ajinsu ɗaya a da can. Farfesa na biye da su kamar jela. Babu gefen da za a ja kowa.

Manajar ta wuce tebura sha shida ba ta rage tafiya ba. A na sha bakwai ta tsaya, ta sauke tabarau, ta ɗauki tayil ta ƙwanƙwasa da zobenta ta saurara. Ta karta shi da mabuɗin mota, ta duba, babu ko alama.

"Wannan na zo gani," ta ce. "Dokta, a bidiyo an ce naki ne."

"Ba nawa ba ne. Na ɗalibi ne."

"Wanne?"

Baƙon na tsaye taku ɗaya daga gare ta, da takardar maki a hammata. Malama Sikeli ta ce, "Zan gaya miki anjima."

"Babu anjima, ƙarfe sha biyu zan fita. Ni kuma ba na ɗaukar mutum a takarda. Ina so in ga hannunsa, in yi masa tambaya uku a gaban aikin. In ɗalibi ne ya yi, ya fito."

"Sai haƙuri, ranki ya daɗe," in ji Farfesa da muryarsa mai taushi. "Muna da doka a nan, Dokta ce ta kawo mana ita, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ko ba haka ba, Dokta?" Ya ɗan sunkuyo wajen manajar. "Kin san malamai, wani lokacin hannunsu kan yi tsawo a aikin ɗalibai. Shi ya sa wasu ayyukan ba a cika son a tambayi mai su ba."

Fuskar manajar ta canza. "In aikin malama aka ajiye min a teburin ɗalibai, to an ɓata min lokaci."

Malama Sikeli ta ji jininta na tafasa. Idonta na kan Farfesa, shi ma nasa na kanta, yana jira. Shekara uku yake jiran ranar da za ta buɗe baki ta taka dokarta a gaban shaidu, ita kuma ta rantse a ranta ba zai ga wannan ranar ba. Ta ɗaga haɓa ta ce, "Doka doka ce. Ba zan faɗi sunan kowa ba sai an ba da maki."

Manajar ta ajiye tayil ɗin ta mayar da tabarau goshi. Ta riga ta juya lokacin da murya ta fito daga jikin bango.

"Ni na yi shi."

Dattijo ya tako har gaban tebur, ya faɗi sunansa cikakke, da na ubansa, da ƙarfi yadda baƙon ma sai da ya ɗago kai. Ya miƙa hannayensa biyu. Manajar ta dube su, ta tambaye shi tokar wane itace, ya faɗa. Ta tambaye shi me ya sa gwajin farko ya ƙi, ya ce kwalbar ta yi yawa, ƙyallin ya zube ya manne da kantar tanderu. Ta tambaye shi ko zai iya fitar da dubu masu launi ɗaya, ya ce in an ba shi tanderun da zafinsa ba ya rawa, zai iya.

"Shi ke nan," ta ce, ta ba shi katinta. "Ka kawo takardar kammalawa kafin ƙarshen wata mai zuwa. Kamfani ba ya ɗaukar wanda bai gama ba, wannan ba a hannuna yake ba." Ta yi sallama da baƙon ta tafi.

Farfesa ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu ya rubuta wani abu a natse. "Malam ya ji da kunnensa," ya ce yana duban baƙon. "Dokta, in kin samu sarari, ofishina."

Kafin ta bi shi, Dattijo ya sha gabanta. Bai ɗaga murya ba saboda 'ya'yansa na kallo.

"Akwai biro a hannunki, Malama. Akwai takarda a ɗaya hannun. Da kin rubuta sunan kin ninke kin miƙa mata, kin ce ta jira ni a waje, wa zai gani?"

Ta dubi hannunta. Biron na nan, jerin sunayen na nan. Abin bai ko zo mata a rai ba, don a lokacin Farfesa take kallo, ba Dattijo ba.

"Ba ki karya doka ba," ya ce. "Ni na karya. Hannunki fes."

Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Ta bi barandar zuwa ofishin Farfesa. Ofis ne mai labule mai kauri da kofunan yabo jere a kan wata kanta, fanka na juyawa a hankali. Ya riga ya fito da fom ɗin sokewa, wanda ita ta tsara da hannunta, ya cike lambar, ya bar wajen suna da wajen sa hannun jami'ar jarrabawa.

"Ranka ya daɗe, wannan daban ne," ta ce. "Ba maki ya nema ba. Tura shi aka yi bango."

"Wa ya tura shi?"

Ta sauke idonta kan fom ɗin.

"Lokacin ƙanwar iyalina, na zo ofishinki da kaina, ni da furfurata. Na ce yarinya ce, kuskure ne. Kin tuna abin da kika ce min? Kika ce doka ba ta tambayar dalili. A gidana wata uku ba a yi min magana mai daɗi ba." Ya tura mata fom ɗin. "Bismillah."

"Mutumin nan yana da iyali. In ya maimaita shekara, aikin ya tafi."

"Na sani. Tausayinsa nake ji, wallahi. Shi ya sa na tanadi wata takardar." Ya buɗe aljihun tebur ya fito da ita, an riga an buga ta, har da kwanan wata. A ciki jami'ar jarrabawa na sanar da sashe cewa ta janye dokar lamba daga yau, saboda ta gano dokar na cutar da ɗalibai, kuma tana ba da haƙuri ga waɗanda ta shafa a baya. "Ke kika kawo ta, ke za ki janye. Sauran malamai za su sa hannu kafin baƙo ya gama cin abinci, dama sun gaji da ita. In babu doka, babu wanda ya karya ta. Sai a sa wa kowa sunansa a tebur, baƙo ya ba da maki kamar yadda ake yi a da."

"Kai kuma ka raka shi."

"Ai baƙo ba ya yawo shi kaɗai, Dokta."

Tun jiya ya buga takardar, ko ma tun ranar da baƙon ya ɗage zuwansa. Ta dube shi ta ji ta tsane shi har cikin ƙashinta, da murmushinsa, da zoben hannunsa, da yadda yake jujjuya biro. Ta san abin da zai biyo baya. A ajin nan kaɗai akwai ɗan wansa, akwai 'yar wani babba a ginin gudanarwa, akwai kuma yara ashirin da ba su da kowa sai lambarsu. Shekara uku yaran da ba su da kowa suna fita da makin da hannunsu ya ba su. Wannan ne kaɗai abin da ta gina a jami'ar nan da za ta iya nunawa.

"In na ƙi duka biyun fa?"

"Sai in kai fom ɗin sama da kaina, in haɗa da bayanin cewa jami'ar jarrabawa na soke 'yan'uwan wasu tana kare nata ɗalibin, wanda dama ake cewa da hannunta a aikinsa. Bidiyo na nan shaida. Shi ya maimaita shekara, ke kuma ki amsa tambayoyi. Gaba kura, baya sayaki, na sani. Amma ba ni na kawo ki nan ba."

Ta ja takarda ta biyu ta karanta ta har ƙarshe, don ba ta taɓa sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Akwai kuskuren rubutu a layi na uku, ta gyara shi. Sannan ta sa hannu.

Farfesa ya yage fom ɗin sokewa gida huɗu ya zuba a kwando. Ya ɗauko daurin fararen katuna daga kan kantar ya ajiye a gabanta. "Rubutunki ya fi na kowa kyau. Baƙo zai fara ƙarfe biyu."

A nan ofishin ta zauna ta rubuta sunaye ashirin da uku, kowanne da manyan baƙaƙe. Da ta koma ɗakin taro jama'a sun ragu, an kashe injin 'yan injiniya, allon bakin ƙofa ne kawai ke ta maimaita muryarta. Ɗalibai na kallonta tana bi tebur-tebur tana ɗauke katin lamba tana ajiye na suna. Wata yarinya mai lamba huɗu, wadda uwarta ke sayar da itace, ta dubi katin sunanta, ta dubi Farfesa da ke shigowa riƙe da hannun baƙo, sai ta sunkuyar da kai.

Dattijo na tsaye a teburinsa, matarsa na gefe. Malama Sikeli ta ajiye katin a gaban koren tayil ɗin, ta daidaita shi da yatsa.

"Ba za a soke aikinka ba," ta ce. "Za ka kammala bana."

Ta ɗan jira. Ba godiya take nema ba, ko kuma ita take nema, ita kanta ba ta sani ba. Ya dubi katin, ya ɗauke shi ya miƙa mata.

"Ki riƙe abinki, Malama. Na riga na faɗa da bakina."

Ta karɓa. Ta wuce tebur na sha takwas, inda ɗan wan Farfesa ya jera wasu karkatattun kofuna shida, ta ajiye masa nasa katin. A bayanta ta ji baƙon ya buɗe takardar maki, Farfesa kuma ya fara gyaran murya.